Shekara Tara Ina Tace Ruwan Teku

Shekara tara na yi ina ɗebo ruwan teku a kwalabe ina kai wa wani ofis a unguwar Bagdadiyya ta Jidda, kuma duk tsawon shekarun nan ban san abin da ake nema a cikin ruwan ba. Na zaci na sani. Da a lokacin wani ya tare ni ya ce ban iya aikina ba, da sai an raba mu, don ni mutum ne mai saurin hawa, kuma ba abin da nake taƙama da shi a duniya kamar aikin nan. Har yau idan na tuna irin tafiyar ƙasaitar da nake yi da akwatin kwalaben a kafaɗa, sai jikina ya yi sanyi.

Na zo aikin Hajji ne a ƙarshen shekarun saba'in. Na sauke farali, jirgin da ya kawo mu ya koma ba ni a ciki, kuma ba ɓata na yi ba, ina sane. Na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda har kafaɗuna suka yi kanta, ina ɓuya duk ranar da aka ce ga masu kame. Daga baya Allah ya haɗa ni da wani ɗan ƙasa mai ofishin gwajin ruwa, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, ya ɗauke ni mai shara da dafa shayi. Ofishin ɗaki huɗu ne a saman wani shagon kayan famfo. A ɗaki na ƙarshe akwai wani mutum mai sanƙo da farar riga har gwiwa, kowa na ce masa daktur alhali bai taɓa duba marar lafiya ba. Ruwa yake dubawa.

A kudu da tashar jiragen ruwa, tafiyar kusan awa a mota, akwai wata tashar wutar lantarki ta wani kamfani. Tana jan ruwan teku ta sanyaya injinanta, sannan ta mai da shi teku ta wata magudana mai faɗi. Izinin gina ta daga sama ya zo, daga babban birni, amma izinin ba ya aiki sai an haɗa shi da wata takarda daga hukumar yankinmu, mai shaida cewa ruwan da ake mayarwa bai ɓata teku ba. Hukumar kuwa ba ta zuwa bakin teku. Ofis irin namu ke gwada ruwan duk wata ya rubuta abin da ya gani, su kuma su buga hatimi. Duk wannan daga baya na fahimce shi. A lokacin abin da na sani kawai shi ne akwai kwalabe shida a akwati, ana fita da su ba kome a ciki, a dawo da su cike.

Akwai wanda ke wannan aikin kafin ni. Duk ranar da ya dawo da kwalabensa sai an rufe ƙofa an yi hayaniya tsakanin kafilina da daktur, ni kuma in tsaya a waje da faranti har shayin ya huce. Wata rana ya tafi hutu ƙasarsu bai dawo ba. Kafilina ya kira ni, ya nuna akwatin da ƙafa, ya ce direba zai kai ni, in cika kwalaben a bakin magudana in dawo kafin azahar. Iyakar bayanin da aka yi mini ke nan.

Direban ya ajiye ni, ya koma inuwar katanga ya kunna rediyonsa. Na gangara ni kaɗai. Abin da na tarar a bakin magudanar ya ɗaga mini hankali. Kumfa ce mai launin ƙasa-ƙasa ta taru tana lilo, maiƙo na ƙyalli a saman ruwan, ga wani wari irin na maganin wanke banɗaki yana hawa kai. Na tsoma yatsa na ji ɗumi kamar an sirka ruwan wanka.

Mu uku mahaifiyata ta haifa, duk maza, ni ne babba, don haka ni na gaji tulu. A ƙauyenmu na bakin gulbi a ƙasar Yawuri ɗibar ruwa ilimi ne. Ba a ɗiba inda shanu suka shiga, ba a ɗiba ƙasa da inda mata ke wanki. Sai ka haura sama, ka shiga har cinya, ka tsaya cik har lakar da ka tayar ta kwanta, ka kore abin da ke yawo a sama da gindin ƙwarya, sannan ka ɗiba. Idan na malam ne ko na baƙo, sai an tace da farin ƙyalle. Na taɓa kawo wa kawuna ruwa da ɗan haki a ciki, ranar kunnena ya sha murɗa. To ni da aka raina haka, yaya zan cika kwalba da wannan ƙazanta in miƙa wa mutum mai farar riga? Ai sai ya ce mu 'yan Takari, baƙin Afirka, ba mu da tarbiyya. Na ma ji haushin wanda na gada, na ce a raina ashe shi ya sa kullum ake faɗa a kansa, malalaci ne, a nan kusa yake tsoma kwalba ya huta.

Na ɗauki akwatina na bi gaɓa, ta ɓangaren da ruwan ke tahowa, har warin ya bar hancina. Na naɗe wando na shiga har cinya, na jira, na kore na sama da tafin hannu, na ɗaura farin hankicina a bakin kowace kwalba na cika ta. Ruwa garau, kana ganin hannunka ta ɗaya gefen.

Daktur ya ɗaga kwalbar farko ya duba ta a hasken taga. Ya riƙe ta a tafinsa ya ɗan jima, sannan ya dube ni ta saman tabarau. Ya tambaye ni daga ina na ɗebo, na ce daga teku mana, wurin tashar. Ya ce to. Washegari ba a rufe ƙofa ba, ba a yi hayaniya ba. Kafilina ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce daga yau kwalabe nawa ne, ya ce ni amintacce ne. Da na koma ɗaki na yanko wani yanki daga haramin da na yi Hajji da shi, na kalmashe bakinsa, ya zama ƙyallen tata. Duk wata sai na wanke shi na goge kafin ranar ɗiba.

A shekara ta biyu na yi aure a unguwar Sharafiyya. Matata haihuwar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci, idan ranta ya ɓaci kuwa Hausar gudu take yi gaba ɗaya. Mahaifinta Bakabe ne, masunci ɗan masunci. Da ƙafa ya ratso Sudan tun yana saurayi, ya ƙetare teku, ya yi Hajji ya zauna. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma duk shekarun da ya yi a nan bai yarda ya sayi kifin kasuwa ba. Ina jin kunyarsa ƙwarai. A ƙasan bene nake tuɓe takalmi, in durƙusa daga bakin ƙofa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

Shi da wasu 'yan garinmu sun gano cewa a bayan shingen tashar wutar nan, inda ruwan ɗumin ke bajewa, kifi na taruwa. Bayan asuba suke hawa motar wani mai kai ma'aikata su sauka a hanya. Surukina ya shiga har cinya da birginsa, komar nan ta jefawa, ya jefa ya jawo, kafin rana ta yi zafi ya cika buhu. Surukata ta soya a lungunsu, mutane na layi. Ranar da na je ɗiba nakan hango shi daga nesa ba riga, sai in zagaya ta bayan duwatsu don kada mu haɗa ido.

A shekara ta huɗu ƙafafunsa suka fara ƙaiƙayi. Fata ta riƙa saɓulewa daga idon sawu zuwa gwiwa, tsakanin yatsu ya tsage. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwa. Likitan ya tambaye shi inda yake shiga, da ya ji wurin sai ya ce ya fita daga ruwan nan kada ya ƙara komawa. Dattijo ya dawo gida ya yi kwana uku bai fita ba. Ba zai iya tambayata baki da baki ba, sai ya aiko matata. Ta ce Abuya, haka take kiran mahaifinta, na tambaya, tunda ina aiki da masu sanin ruwa, in bincika masa gaskiyar maganar, idan ruwan ne zai haƙura ya nemi wani wuri.

Na ji daɗin aiken nan, ba zan ɓoye ba. Karo na farko ke nan da surukina ya nemi wani abu a wurina. Na je na sami daktur na roƙe shi kwafin takardar watan da ya wuce. Ya ce me zan yi da ita. Na gaya masa surukina na kamun kifi a wurin, ƙafarsa na ciwo, wani likita na neman raba shi da sana'arsa. Ya juya alƙalami a hannunsa. Can ya jawo aljihun tebur ya ba ni, ya ce ba tare da ya dube ni ba, ai dattijo ya kamata ya huta haka nan. Na ɗauka irin maganar ladabi ce da ake yi game da tsofaffi, na yi godiya na fita.

Ranar Juma'a na sa manyan kaya na hau benen. Na durƙusa, na miƙa takardar da hannu biyu.

"Baba, ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Duk wata ake gwada shi, ni da hannuna nake ɗebowa. Ga hatimi nan har uku."

Ya juya takardar, ya shafa hatiman da babban yatsa. Ba ya karatun boko, amma ya san hatimi.

"Madalla," ya ce. "Da ma na ga likitan nan yaro ne."

Ya nemi in bar masa takardar, na bar masa. Washegari ya koma ruwa.

Shekara biyar ya ƙara yana shiga. Ƙafar ta yi sauƙi, ta tashi, ta sake yin sauƙi. Aka gano yana da ciwon sukari, sai duk muka ɗora wa sukari laifi. Wasu suka ce iskar teku ce. An sha rubutu, an shafa man zaitun, an wanke da zamzam. Ni ne ma kan gaba wajen kawo magunguna, ina ta faɗa da surukata cewa ta rage masa sukari a shayi. A shekara ta tara wani gyambo ya buɗe a ƙafar hagu ya ƙi rufewa, ya fara baƙi, aka kwantar da shi aka yanke yatsu uku. Da aka sallame shi ya dawo ya zauna a bakin taga yana ɗinkin birginsa, yana cewa da zarar wurin ya kame zai koma.

A wannan tsakanin ne aka sake ƙa'ida. Na fara jin ƙishin-ƙishin a ofis, don kafilina ya zama ba a iya yi masa magana, shayi ma sai ya ce ya yi zafi ko ya yi sanyi. Sabuwar ƙa'idar ta ce hukumar yanki ba za ta ƙara buga hatimi a kan kwalbar da ba ta ga inda aka cika ta ba. Ma'aikacinta zai bi mai ɗiba har bakin ruwa, a auna ɗumin ruwan nan take, a liƙe murfin a gabansa, su biyu su sa hannu. Kowa a ofis ya shiga damuwa ban da ni. Ni murna nake yi, na ce yau dai hukuma za ta ga yadda ake aiki. Ana gobe za mu je kafilina ya kira ni ɗakinsa. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya dube ni, ya dubi ƙofa, sai ya ce halas, shi ke nan, in tafi. Na koma gida na wanke ƙyallena na goge shi sau biyu.

Ma'aikacin da aka turo mutum ne mai kimanin shekara arba'in, baƙi kamar ni, cikin farar jallabiya mai guga. A mota ya ji ina magana da kaina da Hausa, sai ya yi murmushi ya ce kakansa Bakano ne, yana ji sosai amma bakinsa ba ya juyawa. Muka yi ta hira, ina gyara masa Hausa yana dariya.

Da muka gangara bakin magudana ya tsaya ya fara buɗe jakarsa. Ni kuwa na saɓa akwatina na kama hanyata ta kullum.

"Ya ammi, ina za ka?" ya ce, yana kirana kawu da Larabci.

Na juyo na yi masa dariya. Na ce ku 'yan Jidda da kuka tashi kuka ga ruwa a famfo me kuka sani, ya biyo ni ya ga yadda kakanninsa ke ɗibar ruwa. Ya rufe jakar ya biyo ni. Ya tsaya a gaɓa yana kallo na shiga har cinya, na jira, na kore na sama, na ɗaura ƙyalle. Har bayani nake masa ina yi, wallahi, kamar malami da ɗalibi. Na cika ta farko na ɗaga masa ita a rana don ya ga haskenta.

Fuskarsa ba dariya ko kaɗan. Ya tambaye ni tun yaushe nake yin haka.

"Tun ranar farko. Shekara tara, ban taɓa fashi ba."

Sai ya zauna a kan wani dutse mai jiƙe, da farar jallabiyarsa, ya dafe kai. Ya yi salati a hankali. Da ya ɗago sai ya yi magana yana neman kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Ya ammi, in daktur ya ce ka kawo fitsarinka, sai ka kai masa ruwan randa don kana jin kunya? Dattin nan shi ake so. Don shi aka aiko ka. Kwalba, datti take zuwa ɗauka."

Ina tsaye a cikin ruwa da kwalba a hannu. Na ji maganar sarai, amma sai da ta yi kamar minti guda kafin ta shiga. Ban tuna ofis ba, ban tuna kafili ba. Na juya na dubi bayan shinge, inda mutum huɗu ko biyar ke tsaye har cinya suna jefa birgi, sai ƙafar surukina ta faɗo mini a rai. Na tambayi ma'aikacin, su waɗancan fa? Ya ce ba zai yanke hukunci ba sai an gwada. Amma da muka koma bakin magudana sai na ga ya ciro safar roba mai kai wa gwiwar hannu ya sa kafin ya taɓa ruwan, ya miƙo mini wata ya ce in sa.

Muka cika shida a cikin kumfar nan. Ya tsoma ma'aunin zafi ya rubuta, ya liƙe murafan, na sa hannu inda ya nuna. Da na ɗauki akwatin na ji ɗuminsa a kafaɗata. Shekara tara ban taɓa ɗaukar akwatin nan da ɗumi ba.

A hanya na riƙa gaya wa kaina cewa ni kaɗai ne na yi wautar, na yaudari mutanen kirki ban sani ba, yanzu zan je in faɗa musu in nemi gafara. Da wannan niyyar na shiga ɗakin daktur. Na rufe ƙofa, na fara ba shi labari. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce ya sani. Ya ce tun kwalbar farko ya sani, don ruwan magudana da ɗumi yake zuwa, nawa kuwa ya zo da sanyi, garau, har da zaren hankici a ciki.

Na zaci ban ji daidai ba, na sa ya maimaita.

"Ba wanda ya ce ka tace," ya ce. "Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Kai ka kawo, ni na gwada abin da aka kawo, na rubuta abin da na gani."

"Na gaya maka surukina na shiga ruwan nan. Ka ba ni takardar da hannunka."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Na ce maka dattijo ya huta."

Ban san lokacin da na ci kwalar farar rigar nan ba. Direba ne ya shigo ya ɓanɓare hannuna. Kafilina ya zo a kan hayaniyar, ya kore kowa, ya zaunar da ni. Bai ɗaga murya ba. Ya tuna mini cewa sa hannuna ne a littafin ɗiba wata bayan wata, kuma iƙamata a hannunsa take, don haka in yi tunani kafin in buɗe baki a waje. A nan na gane me ya sa aka ce mini amintacce. Sun sami mutumin da zai yi musu abin da suke so ba sai sun roƙe shi ba, kuma yana yi yana alfahari. Na sauko benen ofishin, na zauna a bakin shagon kayan famfo har aka kira la'asar.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Ma'aikacin nan ne ya nemo ni ya gaya mini, don ya ga halin da na shiga. Ruwan bai ci jarrabawa ba. Akwai mai a ciki, akwai maganin da suke zubawa don kashe abin da ke tsirowa a bututu, ya wuce abin da aka yarda da shi nesa ba kusa ba. Hukuma ta riƙe takardar shaidarta, an ba kamfanin wa'adi ya gyara, an kafa allo a bakin shinge mai hana shiga. Na tambaye shi ko ruwan ne ya ci ƙafar surukina. Ya ce shi ba likita ba ne. Har yau ban sani ba ko ruwan ne, ko sukarin ne, ko su biyun suka taru a kansa. Abin da na sani shi ne likita ya ce ya fita, ni na ce ya koma.

Matata na fara gaya wa. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce Abuya ya kusa gama ɗinkin birginsa, kuma jiya ya sa an nemo masa takalmin roba. Ta ce ni zan gaya masa, ita ba za ta iya ba. Kwana goma sha ɗaya ina ɗaga zuwan. Sau biyu ina kaiwa ƙasan benen ina juyawa.

Ranar da na hau, bayan la'asar ne. Yana zaune a tabarma bakin taga, ƙafar a naɗe da bandeji an ɗora ta a kan filo, birgin a cinyarsa. Na durƙusa inda na saba. Na faɗa masa duka, tun daga ranar farko, ban rage kome ba, idona a kan tabarma.

Sannan ya ce ya sha hango ni ina zagayawa ta bayan duwatsu, ina shiga har cinya, ina ɗaura farin ƙyalle. Ya ce duk ranar da ya gan ni sai ya ce a ransa 'yarsa ta yi dace, yaron nan an raine shi.

"Da ni aka aika," ya ce, "haka zan yi."

Na fi son ya ɗaga sandarsa ya rafka mini. Hawaye suka zubo mini a gaban surukina, na kasa tsai da su.

Ya ɗaga murya ya kira surukata, ya ce ta ɗauko masa takardar nan a cikin akwati. Ta kawo ta a cikin leda. Ya ciro ta a hankali don ta kusa rabuwa a wurin ninki. Gefenta duk ya yi baƙi, ga tabon mai, ga ɓawon kifi ɗaya ya manne a kan hatimi. Ya miƙo mini.

"Ka ga yadda ta yi baƙi? Hannun mutane ne. Kai ni kaɗai ka gaya wa. Ni mutum bakwai na nuna wa. Duk wanda matarsa ta hana shi ko likita ya tsorata shi, gidana yake zuwa, in ciro masa ita, in ce surukina ne da kansa ke ɗebo ruwan."

Na ce ai an kafa allo a wurin yanzu. Ya ce wa zai kula allo bayan ya ga hatimi uku da idonsa. Ya ture birgin gefe, ya jawo hularsa ya sa, ya ce in matso in juya baya.

"Baba, ka zauna, ni zan je in bi su ɗaya ɗaya."

"Ba za su ji taka ba. Ni na gaya musu. Goya ni."

Na goya shi. Dogon mutumin nan ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka sauko benen hawa uku a hankali, ƙafar mai bandeji na bugun cinyata a kowane mataki, yana numfashi a wuyana yana gaya mini inda zan bi. Mutanen lungu suka daina abin da suke yi suna kallonmu, ba wanda ya tambaya. Muka wuce lungu biyu, ya ce in tsaya a wata koriyar ƙofa, ya yi sallama daga bayana.

Mai gidan ya daɗe kafin ya fito, muna jin jan takalminsa. Na san shi, yana cikin waɗanda na hango a bayan shinge ranar da muka je da ma'aikacin. Ya buɗe ƙofa yana fara'a, yana mamakin ganin dattijo a goye. Kafin in dubi fuskarsa sosai idona ya sauka a ƙafafunsa. Dukansu biyu a naɗe suke da tsumma har ƙauri, wani ruwa-ruwa ya ɓullo ta gefe.

Surukina ya ce in sauke shi a kan dakali, in yi wa mutumin bayani da bakina. Sauran gida shida a gabanmu.